Zanen da Gwaggo Ta Hana a Taɓa

Duk wadda ta shigo gidanmu na Fagge a kwanakin zaman makoki, da abin da aka saba take farawa: ya haƙuri, Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta. Sai ta nemi gefen tabarma ta zauna. Can sai ka ga ta ja numfashi ta hanci, idonta ya ciko. Ƙamshin ne yake kama su. Shekara da shekaru Gwaggo tana haɗa turaren wuta da humra a ɗakinta na kusa da zaure, har bango da labule da katakon ƙofa suka sha suka ƙoshi. An fitar da mai ɗakin, ƙamshin ya ƙi fita.

Wata tsohuwa daga Kwaciri ta ce, "Wallahi gani nake yanzu za ta ɗago labulen nan ta ce mini na makara." Wata kuma ta ce turaren aurenta Gwaggo ce ta haɗa, na 'yarta ma ita ce, ga shi yanzu an sa ranar jikarta, ba ta san inda za ta nufa ba. Tana gama faɗa ta ji nauyin abin da ya fito daga bakinta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba wanda ya ga laifinta.

Maman Sabon Gari kuwa, aminiyar Gwaggo, ba ta bi ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ba. Mutuniyar kudancin Zariya ce, Kirista, tsohuwar nas da ta daɗe da barin aiki. Ta sauko daga a-daidaita-sahu tana dogara sanda, ta ratsa maza a ƙofar gida ko kallonsu ba ta yi ba, ta tsaya a bakin ɗakin ta kama faɗa.

"Ke kam ba ki da kirki. Ba mun yi da ke ni zan riga ki ba? Yanzu wa zan yi wa tsiya?"

Matan gida suka taso suna ba ta baki. "Mama, addu'a ake yi, ba a yin haka."

"Na yi mata addu'a tun daga Sabon Gari har nan," in ji ta. "Yanzu faɗa nake mata, ku ƙyale ni."

Baba ba shi da bakin amsa gaisuwa. Yana zaune a waje cikin abokan kasuwarsa na Kwari, hannu kawai yake miƙawa. Gwaggo yayarsa ce, ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa. Ita ta goya shi da mahaifiyarsa ta rasu, kuma har ya yi furfura Auta take ce masa. Ni ma a ɗakinta na tashi, don Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba, mijinta kuma ya rasu tun ban san kaina ba.

A ranar uku ne ƙaramar 'yata ta tsura wa hoton Gwaggo ido a wayata, ta ce, "Umma, me ya sa idonta ɗaya ya fi ɗaya sauka?" Na buɗe baki zan amsa, kuka ya riga ni. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ba na so nan gaba yaran gidanmu su ɗauka haka aka haife ta, ko su ce tsufa ne. Da hankalinta ta zaɓi wannan idon, kuma tana da dalili.

Gwaggo ce ta ƙarshe mai zane a zuri'armu. Zanen Barebari ne, layuka dogaye sirara da suka taso tun daga ƙasan ido da gefen goshi suka gangaro kumatu. A Barno aka haife ta, mahaifinsu ya taho da ita Kano tana ƙarama da fatauci ya zaunar da shi a Fagge. Duk wanda aka haifa bayan nan ba a kai masa aska ba. Ta kan dube mu ta taɓe baki ta ce, "Ku dai Kanawa, fuska fayau kamar ƙwaryar da ba a yi wa ado ba. In kun ɓata a kasuwa ban san me zan ce wa mai shela ba." Ni Bakanuwa take kirana, in ta so ni da in ta ji haushina duk sunan ke nan.

Kullum da safe in ta idar da lazimi, sai ta jawo ɗan madubinta mai bakin roba, ta lakato man kaɗanya, ta bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Ba ta gaggawa. In ka yi mata magana a lokacin, ka yi da bango. Sai ta gama sannan ta ɓantari goro ta juyo ta ce, "To, me kike cewa?"

Ba mai sauƙi ba ce, kada in yi mata ƙarya don ta mutu. Baƙuwa za ta shigo da kwalliyarta, Gwaggo ta shinshina ta ce, "Wa ya sayar miki da wannan? Mayar masa, ruwan wanki ya ba ki." Ta kori amare da kuka, ta kuma bi su har gida da kwalbar humra ba tare da ta ce komai ba. Kayan haɗinta kuwa ba ta aiken kowa. Da ƙafarta take zuwa kasuwar Sabon Gari ta zaɓo itace da hawi da sauran tarkace, ta biya ta wajen Mama su sha shayi su yi gulmar duniya, sannan ta dawo.

A irin wannan dawowar ce abin ya same ta, shekarun baya, tana da sauran ƙarfinta. A shataletalen Bata wata mota ta shigo wa mai a-daidaita-sahun da ya ɗauko ta, ya taka burki da ƙarfi, kuncinta na hagu ya daki ƙarfen da ke bayan kujerar direba. Ko faɗuwa ba ta yi ba. Ta zazzage direban tas, ta sa ya kawo ta har ƙofar gida, ta shigo da ƙullin kayanta a hannu. Kafin magariba fuskar ta haye, idon ya rufe, da muka ɗaga fatar muka ga jini ya kwanta a farin idon.

Muka yi abin da kowane gida zai yi. Aka dafa ruwa, aka samo tsumma, aka shiga gashi safe da yamma, ana shafa man zafi. Babu rauni a waje, ba a ga jini yana zuba ba sai ɗan haɓo, don haka kowa ya ce buguwa ce, za ta saɓe. Ta kuwa saɓe. Amma da kumburin ya sauka sai fuskar ta fito a karkace, ɓangaren hagu ya shafe. Bakinta ya ƙi buɗewa, da ƙyar ɗan yatsa yake shiga tsakanin haƙoranta. In ta kurɓi kunu sai ya dalalo ta gefen leɓe ba ta sani ba. Ta ce kuncin da gefen hancin da leɓen sama duk kamar ba nata ba.

Nan take gida ya yanke hukunci: hawan jini ne, tsoron hatsarin ya taso da shi, ɓarin jiki ya fara shanyewa. Duk alamun da muka sani sun cika, ga karkacewar fuska, ga dalalar miyau, ga maganar da ba ta fita sosai. Baba ya kawo rubutu, ya kawo maganin hawan jini daga kemis, aka hana ta gishiri. Ita kuwa tun ranar da idon ya buɗe take riƙe da madubi tana cewa ta cikin haƙora, "Zanena ya kwanta. Ku duba, na hagu ya kwanta." Muka ce to, Gwaggo, sannu. Wa yake ta zane ana maganar shanyewar jiki?

Mama ce ta zo dubiya da ta ji shiru. Ta saurari bayaninmu tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce wa Gwaggo ta ɗaga gira, ta runtse ido, ta matse mata hannu. Duk ta yi. Sai ta zagaya bayanta, ta kwantar da kan a ƙirjinta, ta leƙo fuskar daga sama.

"Ku zo ku gani," in ji ta. "Wannan tudu, wannan kwari. Ƙashi ne ya karye ya shige ciki, ku kuna nan kuna gasa shi kamar tsire. Alhaji, fito da mota," ta ce da Baba.

Likitan da aka tura mu wajensa a asibiti na ƙashin fuska ne da muƙamuƙi. Dogo ne siriri, yana buɗe baki Gwaggo ta gane Bafulatani ne. Ciwo bai hana ta ba.

"Yau na shiga uku," ta ce. "Bawana ne zai duba ni."

"Hajiya, ai gara da kika zo wajen ubangidanki," in ji shi, yana sa safar hannu. "Barebari in ba mu, sai wahala."

Wasan ya tsaya nan, ya shiga aiki. Shi ma ta baya ya tsaya ya ɗora yatsa a kan kowane kunci yana gwada tsayinsu. Ya bi gefen ramin idon a hankali da ɗan yatsa har ya iso wani wuri a ƙasa, Gwaggo ta zabura, ya ce ga gocewar nan, yana jin ta kamar matakala. Ya shafa mata auduga a leɓen dama, ta ce ta ji. A na hagu, ta ce ba ta ji ba. Ya ce ta bi yatsansa da ido ba tare da ta juya kai ba. Dama lafiya, ƙasa lafiya. Da ya ɗaga shi sama ya ce, "Nawa kike gani?"

"Biyu. Dama ku ba a taɓa samunku a wuri ɗaya."

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya tura mu aka yi mata hoton nan da ake shigar da kan mutum cikin na'ura. Da muka dawo ya juyo mana da allon kwamfutarsa ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce ƙashin kunci zaune yake kamar tukunya a kan murhu, yana da wuraren da ya dogara: gefen ido, ƙasan ido, saman haƙora, da wani siririn reshe da ya nufi kunne. Na Gwaggo ya rabu da su duka ya lotsa ciki. Da ya lotsa sai ya tokare muƙamuƙi, shi ya sa bakin ba ya buɗewa. Akwai jijiyar da take fitowa ta ƙasan ido, ita take sa mutum ya ji taɓi a kunci da leɓe, karayar ta matse ta. Sannan ƙashin da ƙwayar ido take zaune a kai, wanda ba shi da kauri, shi ma ya fashe, idon ya ɗan zauna, shi ne ganin biyun.

Ya ce aiki za a yi, kuma ba a jira. Ƙashin fuska yana saurin kamawa. In aka wuce mako biyu zuwa uku zai haɗe a inda yake, gyaransa kuma sai an sake karya shi. Mun riga mun cinye kwanaki muna gashi. Za a yi mata allurar barci, a ɗan tsaga ta cikin baki a saman dasashi, a zura ƙarfe a ɗago ƙashin ya koma mazauninsa. Sannan a ɗan tsaga a wutsiyar gira da ƙasan ido, a ɗaure shi da wasu 'yan ƙarafa sirara da ƙananan kusoshi, a gyara wa idon wurin zamansa.

Gwaggo ta ɗora yatsa a ƙasan idonta, daidai inda layin farko ya taso. "Nan?"

"Kusa da nan, Hajiya. Tabon ba zai fi tsawon farce ba, yana bin tattarar fata, ba mai lura."

"Zai taɓa zanen?"

Ya ce yana iya bi ta cikin fatar idon, inda ba a gani. Amma yadda karayar take, wataƙila in ya shiga sai ya ƙara tsagawa ta kusurwar ido zuwa waje, nan kuwa akwai zane. Ya ce ba zai yi mata alƙawarin abin da bai tabbatar ba.

Ta gyara mayafinta ta miƙe. "Bakanuwa, ɗauko mini takalmina."

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga wa Gwaggo murya ba sai ranar. A mota ya daure, muna shiga gida ya fashe.

"Yaya, tabo ne fa! Tabo! Wanzami ya tsattsaga fuskar jaririya a zamanin rashin sani, shi ne za ki ba da idonki da bakinki a kansa?"

"Auta, rage murya, ba a kanti kake ba."

"Malamai ma sun ce canza halitta ne."

"Ba ni na yi ba. Yi mini aka yi."

"To me zai ragu in an taɓa ɗaya? Me zai ragu?"

Maganar tana yi mata wuya, kowace kalma sai ta matso ta ta tsakanin haƙora. Mun san mahaifiyarta ta rasu tana jaririya, amma abin da ta faɗa ranar ko Baba bai taɓa ji ba.

"Uwata ba ta yi arba'in ba. Kakata ta ce ranar suna tana kwance da zazzaɓi, da wanzami ya zo ta tashi ta ce ba wanda zai riƙe mata kan 'ya sai ita. Ta riƙe, aka yi, ita ta goge jinin da bakin zaninta. Ba ta ji muryata da magana ba. Ba ta ga tafiyata ba. Wannan ta gani, ta tafi da shi. In an tashe mu, da me za ta gane ni?"

Amma tsoro ya fi ƙarfin Baba, ya ce, "Yaya, a can ba da zane ake gane juna ba. Allah ne mai haɗawa."

"Na sani. Ni na kai ka makarantar allo. Na sani, amma ka bar ni."

Washegari Baba ya fita kasuwa bai tsaya a ƙofarta ya gaishe ta ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin haka ba. Ta ji wucewarsa, ta ci gaba da shafa man kaɗanyarta a kan zanen da ya kwanta. Kwanaki suka yi ta tafiya. Kunu kawai take sha da bakin cokali, shi ma rabi a zani. Goro sai na goga mata a magogi ta tsotsa. Wuyanta ya zarme, zobenta ya fara zamewa. Ni kam haushinta nake ji, ina kuma jin tsoro, in na shiga bayi in yi kukana in wanke fuska in fito. A raina ina bayan Baba. Ina ganin wace irin uwa ce za ta so 'yarta ta mutu da yunwa don a gane ta.

Mama ce ta sake shiga tsakani, amma ba wajen Gwaggo ta je ba. Ta ce wannan ta san ta, ko shekara za a yi ana magana ba za ta motsa ba. Asibiti ta koma ita kaɗai, ta zauna a layi har aka gama ganin marasa lafiya, ta shiga ta ba likita labarin wanzami da mai jego. Ta ce mana ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce a dawo da ita.

Wannan karon bai tsokane ta ba. Ya jawo kujera ya zauna daf da ita.

"Hajiya, zan iya bi ta cikin baki kaɗai. Zan ɗago ƙashin, in ɗaure shi da ƙarfe ɗaya a saman haƙora. Bakinki zai buɗe, za ki ci abinci, kuncin zai taso. Amma ƙasan idon ba zan kai gare shi ba. Idon zai iya zama a sauke yadda yake, in kin kalli sama ki riƙa ganin biyu, wataƙila har ƙarshen rayuwa. Ni a sanina wancan aikin ya fi. Kin fahimce ni?"

"Na fahimta."

"Kin yarda da haka?"

"Me na ajiye a sama da zan riƙa kallo? Amma ka rantse. In na yi barci ba ni da bakin hana ka."

"Wallahi wuƙata ba za ta taɓa fatar fuskarki ba."

Ta ƙare masa kallo ta ce, "To. Ashe ana samun na kirki a cikinku."

Ranar aikin Baba ne ya tuƙa mu tun daga Fagge har asibiti. Da aka turo ta daga ɗakin tiyata fuskar ta sake hayewa, ba ta gama farfaɗowa ba, amma hannunta ya riga hankalinta tashi. Na ga yatsun suna lalube, suka hau kunci, suka bi layukan daga sama har ƙasa, babu filasta, babu zare. Sai hannun ya koma ya kwanta. Baba yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Ya juya ya fita, ya daɗe bai dawo ba.

Aka hana ta kwanciya a ɓangaren hagu, aka hana ta fyace hanci, aka ce abinci mai laushi da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi har ɗinkin cikin baki ya warke. Mama ta tare a gidanmu tana gadinta kamar 'yar sanda, suna faɗa daga safe har dare. Bakin ya riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Ranar da ta fara ɓantarar goro da haƙorinta, ta aike ni in gaya wa likita wai ta 'yanta shi. Kuncin ya taso, zanen ya miƙe ya yi daidai da na dama.

Idon kuwa yadda likita ya faɗa haka ya zauna. Leɓen ma bai dawo duka ba. Ta mai da abin wasa. Duk farkon wata sai ta ce ita kaɗai ce a Fagge take ganin jinjirin wata biyu, ya kamata a riƙa tuntuɓarta kafin a ɗauki azumi. In dogon mutum ya zo gaishe ta sai ta ce ya zauna, ba za ta iya amsa wa mutum biyu ba. Amma ni da nake ɗakin na san abin da ya ci mata. Kwalaben turarenta a kan kanta suke, sama da kai. Sau da yawa za ta miƙa hannu ta kama iska, ko ta ture kwalba ta fashe, haɗin wata guda ya bi ƙasa. Ba ta taɓa cewa da na sani ba.

Baba ma bai taɓa cewa ta yi daidai ba. Ya koma gaishe ta da safe, amma in ta kama iska a gabansa sai ya tashi ya bar ɗakin. Wata rana ta tafi Sabon Gari, sai ga shi da kafinta. Kafin ta dawo an sauke kantocin nan duka zuwa daidai ƙirjinta, an jera kwalaben yadda ta bar su. Ta shigo ta tsaya tana kallo. Da daddare ta aika masa da burabuskon da ta tuƙa da hannunta. Ba wanda ya ta da maganar a cikinsu, a gabana dai, har tsawon shekarun da suka biyo baya.

Ciwon ajalinta ba shi da alaƙa da kunci. Tsufa ne da zuciya. A watannin ƙarshe ta rame ƙwarai, hankalinta yana zuwa yana tafiya, wani lokaci ta yi ta yi mana Barbarci, yaren da ba mai ji a gidan. Wata rana bayan la'asar na fito da ita tsakar gida ta sha iska, ta ce in ba ta madubi. Ta daɗe rabonta da shi. Ta duba, ta matso da shi, ta nisanta shi.

"Babu su," ta ce. "Bakanuwa, babu su. Wa ya goge?"

Fatar ce ta saki ta tattare, layukan suka shige cikin tattarar tsufa, ba ka bambance wanda wanzami ya yi da wanda shekaru suka yi. Na ce suna nan, Gwaggo, wallahi suna nan. Ta ce ni me na sani, ni da ba ni da ko ɗaya. Ta kama kuka irin na ƙaramin yaro da aka manta a kasuwa. Hawaye yana bin kuncin hagu yana ɗiga a haɓarta, ba ta ji balle ta share.

A haka Baba ya shigo daga masallaci. Ya tambaya, na gaya masa. Shi ma a lokacin gwiwa ta hana shi sallah sai a kujera, amma ya jingine sandarsa, ya dafa bango, ya durƙusa a gabanta a kan siminti. Ya tallafi fuskarta da hannu biyu, ya sa manyan yatsunsa ya ja fatar kumatun a hankali zuwa wajen kunne. Sai ga su sun fito, dogaye, baƙaƙe, a jere.

"Riƙe mata madubin," ya ce da ni. "Ƙasa-ƙasa, yadda za ta ga ɗaya."

Na riƙe. Ta duba.

"Ga su nan, Yaya. Ga na ƙasan ido, tun daga inda ya taso har inda ya tsaya. Ga na gefe. Babu wanda ya yanke. Babu abin da ya taɓa su."

Ta daɗe tana kallo, numfashinta yana sauka. Sannan ta ɗago ta dube shi, da idon nan ɗaya sama ɗaya ƙasa.

"Auta, za ta gane ni?"

Na dubi Baba, don na san shi, na san abin da ya yi imani da shi, kuma bai iya faɗar abin da ba ya zuciyarsa ba ko don a ji daɗi. Gemunsa ya jiƙe sharkaf. Bai saki fuskar ba.

"Tun daga nesa, Yaya," ya ce. "Tun kafin ki ƙaraso."

"To," in ji Gwaggo. Ta miƙo mini madubin, ba ta sake tambayarsa ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi ta cika, Baba yana riƙe da hannunta. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ya Allah, ga baiwarka nan ta taho, ka yafe mata kaifin harshenta, ka haskaka kabarinta, ka yalwata mata shi. Akwai wata yarinya mai jego da ta riga ta zuwa da daɗewa, ba ta ko yi arba'in ba. Ka nuna mata 'yarta.